Injin casar ƙungiya a Argungu: kaka uku ina kai shinkafata

Ranar Talatar da ta wuce na kai buhu 14 na shanshera injin casar ƙungiyar manoma, wanda ke gefen hanya in ka fita Argungu ka nufi Birnin Kebbi. Kaka ta uku ke nan ina kai shinkafata can. Tun bara abokan aikina na dā, waɗanda suka ajiye alli suka koma fadama kamar ni, suke ta kirana a waya: "Malam, wurin nan naku yana da amfani kuwa, ko mu ci gaba da sallama wa dillalai a bakin gona?" Amsar tana da tsawo, shi ya sa na zauna na rubuta ta. Ni ɗan ƙungiyar ne, da kuɗina a cikin injin, duk mai karantawa ya san da wannan tun farko. Zan faɗi abin da ya faranta mini rai, zan kuma faɗi abin da ya hana ni barci, domin akwai shi.

Kana isa wurin, kafin ka ga inji, sikeli za ka fara tararwa. An girke shi a waje ƙarƙashin rumfar kwano, jajayen lambobinsa suna kallon mai kaya. Wata yarinya da ta gama sakandare ce ke riƙe da littafi. Ana ɗora buhu sai ta kira nauyinsa da ƙarfi, yadda har na ƙarshen layi zai ji, ta rubuta, ta yago maka taka takardar. In zuciyarka ba ta kwanta ba, a sauke a sake ɗorawa, ba mai ɓata fuska. Akwai wani ƙarfe mai nauyin kilo 20 a jingine da ginshiƙin rumfar, kowa yana da ikon ɗora shi ya gwada ko sikelin na faɗin gaskiya. Na ga wata tsohuwa ta sa jikanta ya ɗora shi sau biyu kafin ta yarda a taɓa kayanta, aka jira ta.

Wanda bai taɓa sayar da shanshera a bakin gona ba zai ce na cika zuzuta abin da bai taka kara ya karya ba. Dillali da buhunsa yake zuwa. An farke bakin buhun an ɗinka masa ƙari, abin da muke kira hula. Yaransa su cika, su jijjiga, su soka sanda su danna, su ƙara, har buhun ya tsaya ƙyam kamar mutum. Kuɗin buhu ɗaya za a ƙirga maka. Shekarar da aka kawo sikelin nan na samo buhun dillali guda, na cika shi yadda suke cikawa, na ɗora. Ya haura buhunmu na gida da kilo 17. Na tsaya ina lissafi a ka, buhu nawa na sallama a haka tun da na gaji gonar nan, sai na ji ƙafafuna sun yi sanyi, na nemi benci na zauna. Tun muna makarantar allo aka biya mana azabar masu tauye mudu, amma hular buhu al'adar kasuwa ake ce mata, kuma mun tashi mun tarar ana yi.

Mahaifina, Allah ya jiƙansa, da ba-da-kaka ya rayu. Tsakiyar damina, lokacin da rumbu ya yi ƙasa sabon hatsi bai nuna ba, zai je zauren wani Alhaji ya cire takalmi ya durƙusa, a auna masa gero, da kaka ya biya da shinkafa ninki biyu. Ga haraji a wuyansa. Ina tuna takardun harajin da yake naɗewa a cikin wani gwangwanin madara, saboda ranar da dogari ya tare ka a kasuwa ba takarda, a rana za ka wuni. Yakan ba mu labarin aikin tilas na zamanin Turawa, yadda ake ɗibar samari daga kowane ƙauye su je sarar hanya ba ko anini. Akwai shekarar da fadama ta yi albarka ƙwarai, ina ɗan shekara tara ko goma. Na ga jakai sun yi jerin gwano daga masussukarmu zuwa gidan Alhaji, abin da ya shiga rumbunmu bai kai mu bazara ba. Inna tana tsaye a ƙofar gida da ƙwarya a hannu tana kallon jakan, ba ta ce uffan ba. Duk lokacin da yarinyar nan ta kira nauyin buhuna da ƙarfi, wannan tsayuwar ta Inna nake tunawa.

To, aikin injin kansa. Suna da injin casa biyu, da na cire tsakuwa ɗaya, da daɓen siminti na shanya wanda zai ɗauki kamar buhu 30 a lokaci guda. Mai kula da injin ya haura hamsin, ba shi da yawan magana. Kafin ya zuba kayanka sai ya cusa hannu cikin buhu har gwiwar hannu, ya ɗebo daga tsakiya, ya murtsuke a tafinsa, ya jefa ƙwaya biyu a baki ya ciza. Ranar Talata ya ware mini buhu uku gefe.

"Malam, waɗanga ba su bushe ba. In na zuba su tsaki za ka kwasa, kuma ni za ka ga laihi."

Na ce masa ina da mai saye da ke jirana da la'asar.

"Shi jira. A baza su, gobe da hantsi in Allah ya so."

Gaskiyarsa ce. Shinkafar da ke da sauran laima, da wadda ta sha rana fiye da kima har ƙwayar ta tsage a cikin ɓawo, duk karyewa suke yi a inji. Na taɓa kai kaya wani injin da mai shi bai damu ba, shi dai a zuba a biya shi, na koma gida da rabi tsaki. Nan kuwa buhu 11 ɗin da aka casa mini a ranar, shinkafa irin faro 44 ce da matan unguwarmu suka guma mini, ta fito doguwa, fes, tsakinta kaɗan, kuma ta ba ni kusan kashi biyu cikin uku na nauyin shansherar. Da daddare na roƙi uwargida ta dafa kwano ɗaya ba tare da ta tsince ba. Mu tara muka ci, ba wanda ya tauna tsakuwa. Wanda ya san irin sunan da tsakuwa ta jawo wa shinkafar gida a kasuwannin ƙasar nan ya san darajar wannan ƙaramin inji.

Kuɗin casa a rubuce yake a allo: naira 2,500 kowane buhu ga ɗan ƙungiya, 3,000 ga wanda ba ɗan ƙungiya ba. Dusarka taka ce, ka kwashe ka kai wa dabbobinka, saɓanin wuraren da mai inji ke riƙe ta kamar gadonsa. Buntu ne ƙungiya ke tarawa ta sayar, kuɗin ya shiga littafi, a karanta a taro.

Ƙananan matsaloli akwai su. Da kaka layi yana da tsawo, in ba ka yi sammako ba sai ka kai magariba. Wutar lantarki ba abin dogaro ba ce, yawanci da man gas ake aiki, kuma tun da ya yi tashin gwauron zabo a 2022 an ƙara kuɗin casa sau uku. Ba bayan gida na mata. Ɗan titin da ya shiga wurin, in aka yi ruwa, amalanke ma da kyar take wucewa. Waɗannan duk kuɗi ne zai gyara su.

Injin nan ba kyautar kowa ba ne, kuma ya kamata a san yadda aka yi ya samu. A Nuwamba 2015 Shugaba Buhari ya zo Birnin Kebbi ya ƙaddamar da shirin ba manoman shinkafa rance ta hannun Babban Banki. Bayan shekara ɗaya aka fara jin shinkafar haɗin gwiwar Legas da Kebbi, a 2017 aka buɗe katafaren kamfanin casar shinkafa na WACOT a nan Argungu, ga na Labana a Birnin Kebbi. A Agusta 2019 aka rufe kan iyaka, farashin shinkafa ya tashi. Kuɗi sun shigo Kebbi, wannan ba mai musu, na ga samari sun bar ci-rani sun dawo fadama. Sai dai mu da ke da eka biyu, eka uku, mun lura da wani abu: da kaka muke sayarwa, lokacin da farashi ke ƙasa, saboda bashin taki da na man injin ban-ruwa na biye da mu. Mai sito shi ke saye ya kulle, ya jira wata huɗu, ya ci ribar gumin da bai yi ba. Da ambaliyar 2020 ta shanye fadama, ƙaramin manomi ya tashi da bashi, mai sito kuwa abin da ya ɓoye ya ƙara tsada. A wannan shekarar ce mu arba'in da 'yan kai muka fara zama bayan sallar isha'i muna cewa ko casa ce mu riƙa yi da kanmu, mu sayar da gyararriya.

Ba a bar mu mun yi cikin daɗi ba. Filin farko da muka yi ciniki, ana gobe za mu biya mai shi ya janye, daga baya muka ji wanda ya kira shi. Aka baza magana cewa kuɗin mutane za mu cinye. Wasu daga cikinmu da ake bi bashin kaka aka aika musu cewa in suka sa hannu a takardarmu kada su sake zuwa neman rance, mutum bakwai suka fita, kuma ban ga laifinsu ba, mai iyali ba ya wasa da damina. Akwai ranar da aka tara mu gaban mai gari, wani attajiri ya dube mu ɗaya bayan ɗaya ya ce, "Ku da kuka gaji talauci, yaushe kunka san inji?" Ma'ajinmu na yanzu ne ya ba shi amsa, cikin ladabi, ya ce, "Alhaji, koyo za mu yi." Na so shi ranar.

Ni abin bai zo mini baƙo ba, domin shekara 35 na yi ina koyarwa a firamare, daga 1979 zuwa 2014, kuma duk tsawon lokacin ina ɗan ƙungiyar malamai ta NUT. Ina cikin shekarata ta farko a aji, muna tsohuwar Jihar Sakkwato tun ba a cire Kebbi ba, labarin Bakolori ya iso mu. A Afrilu 1980 manoman yankin Talata Mafara da aikin madatsar ruwa ya cinye gonakinsu suka tare hanya suna neman diyya, aka tura 'yan sandan kwantar da tarzoma, aka kashe mutane da dama. Ruwan da aka tare a can shi ne ke gangarowa ya haɗu da Rima ya ratsa fadamarmu. Hedimastanmu, wani dattijo mai karatun jarida, ya tara mu a ofis ya ce mu duba: manomi ya fi kowa yawa a ƙasar nan, amma ranar da ya tashi neman haƙƙinsa ba shi da wanda zai tsaya masa a Legas.

Shi ne kuma ya fara ba ni labarin jagoran ma'aikata Michael Imoudu da yajin aikin 1945, wanda ma'aikatan jirgin ƙasa suka ja gaba, aka yi fiye da kwana arba'in ana neman ƙarin kuɗin tsadar rayuwa daga hannun Turawa. Jirgi bai taɓa zuwa Argungu ba, a Ƙauran Namoda dogo ya tsaya, amma hedimasta ya ce albashin da muke karɓa akwai gumin waɗannan mutane a ciki. Ya ba mu labarin masu haƙar kwal 21 da aka harbe a Inugu a 1949, da jam'iyyar NEPU da aka kafa a Kano a 1950, da irin ɗauri da bulalar da mutanen Malam Aminu Kano suka sha don sun ce talaka mutum ne. Lokacin da yake faɗa mana, gwamnatocin jam'iyyar PRP na Abubakar Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna sun riga sun soke haraji da jangali a jihohinsu. Na koma gida na gaya wa mahaifina, ya ƙi yarda, ya ce ƙasa ba ta zama ba haraji.

A Mayu 1981 na shiga yajin aikina na farko, wanda ƙungiyar ƙwadago ta ƙasa, NLC, ta kira ƙarƙashin Hassan Sunmonu. Kwana biyu aka yi. Daga nan aka samu dokar mafi ƙarancin albashi ta naira 125, kuma a shekarar ce ranar 1 ga Mayu ta zama hutu a duk ƙasa, bayan Kano ta riga ta fara a 1980. Na rayu na ga lambar tana canzawa: 5,500 a 2000, 18,000 a 2011, 30,000 a 2019, 70,000 a 2024, kuma ba ɗaya daga ciki da aka bayar ba tare da an kai ruwa rana ba. Nan Kebbi aka sa 75,000, a hannun Gwamna Nasir Idris, wanda shi kansa shugaban NUT na ƙasa ne kafin ya hau kujerar.

Samarin yanzu sukan ce mini, "Baba, duk wahalar banza kuka yi." Suna da hujja, ba na raina ta. Naira 125 ta 1981 ta haura dala 200, naira 70,000 kuwa ranar da aka sa mata hannu ba ta kai dala 50 ba, kuma an yi watannin da buhun shinkafa mai kilo 50 ya fi ta tsada. Tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu 2023 na san malaman da suka jingine babur suka koma tafiya ƙasa. Duk na sani, fanshona ma shaida ne. Amma ni na ga gwangwanin madarar mahaifina. Na ga dattijo mai furfura a zaune a rana saboda takardar haraji. Yau jikar wanda aka ɗiba aikin tilas ita ke riƙe da littafi tana kiran nauyin buhu, attajiri na tsaye a layi yana saurarenta kamar kowa. Abin da aka ƙwato da wuya ana iya sake ƙwace shi, albashi ya nuna mana haka, shi ya sa ba na son in ji yaro yana cewa ba a yi komai ba. Wanda ya yarda ba a yi komai ba, ba zai tsare abin da ke hannunsa ba.

Yanzu ga abin da ya hana ni barci, kuma shi ne babban aibin wurin nan.

Akwai 'yan dako shida a injin. Su ke sauke buhu daga amalanke da a-kori-kura, su ɗora a sikeli, su kai bakin inji, su baza a daɓe, su kwashe, su loda. Naira 200 ake ba su kowane buhu, kuma har kwanan baya sai ƙarshen mako ake biyansu, wani lokaci ya zarce. Ba mai takunkumin hanci a cikinsu, tsumma suke ɗaurawa. Wanda ya taɓa tsayawa minti goma kusa da inda buntu ke fita ya san yadda ƙurar nan ke shaƙe maƙogwaro ta sa ƙaiƙayi har cikin riga, su kuwa a ciki suke wuni. Bel ɗin injin ba shi da murfi. Bara ya kama hannun yaron mai inji, ya rasa kan yatsa ɗaya. Ƙungiya ta biya kuɗin asibiti, shi ke nan, kwana ashirin da ya yi a gida ba a ba shi ko sisi ba.

Ɗaya daga cikin 'yan dakon, ɗan shekara kamar 19, daga wani ƙauye na hayin gulbi yake zuwa, kullum da ƙafa. Na lura da bayan wuyansa, fatar wurin ta yi kanta, ta yi baƙi ƙirin, gashi ma ya daina fita. Ranar da na ga yana tari har yana dafa bango na ce masa, "Ɗana, ka je asibiti kuwa?" Ya ce, "Baba, in na tahi wa ka ɗaukar min buhun yau?"

Dokar mafi ƙarancin albashin da muka yi wa yaji ba ta san da yaron nan ba. A rubuce yake a cikin dokar 2019: ba ta shafi wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba, ba ta shafi mai aikin da ake biya da yawan abin da ya yi ba, ba ta shafi ƙwadagon noma na lokaci-lokaci ba. Ɗan dakon injinmu ya faɗa cikin ramin farko da na biyu, ƙanensa da ke dashe da yankan shinkafa a fadama ya faɗa cikin na uku. Mu 'yan albashi mun yi wa kanmu faɗa, mun yi daidai, amma mafi yawan masu gumi a Kebbi a wajen wannan katanga suke.

Makonni uku da suka wuce, ana tsakiyar kaka, motoci biyu na jira, yaran nan shida suka zauna a kan buhunan da ba a sauke ba suka naɗe hannu. Babbansu ya ce wa Ma'aji, "Alhaji, tun sahe munka zo, kwana tara ba a ba mu kuɗɗinmu ba. Yau ba mu ɗauka sai an biya, kuma daga yau kullum a riƙa sallamarmu da marece." Ina wurin. Na ji da kunnena Ma'aji, mutumin nan da ya tsaya gaban mai gari ya ce koyo za mu yi, ya ɗaga murya ya ce, "In ba ku yi, akwai masu yi. Ga yara nan cike da gari." Wasu 'yan ƙungiya suka goya masa baya, ɗaya ma ya ce ai taimakonsu ake yi. Jikina ya mutu. Kalmomin nan na san su. Su aka faɗa wa mahaifina a zaure, su aka faɗa mana mu malamai a duk lokacin da albashi ya yi watanni bai fito ba. Ban taɓa zaton zan ji su a ƙarƙashin rumfar da muka tara kuɗi muka kafa ba.

Na ja shi gefe na ce, "Alhaji, ka ji abin da ka faɗa kuwa?" Ya ce kuɗin gas ne suka cinye asusu, shi ma ba da son ransa ba. Na yarda akwai matsi, na ga littafin. Amma mai gas ana biyansa nan take saboda yana iya hana mu mai, yaran nan kuwa ana ja musu rai saboda an ɗauka ba su da abin da za su hana. Limamin masallacin da ke kusa ya zo sallar azahar ya tarar da cirko-cirkon, ya tuna mana umarnin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, cewa a biya ma'aikaci kafin guminsa ya bushe. Kowa ya sunkuyar da kai. Sai dai in faɗi gaskiya, motocin nan biyu da ba a sauke ba su suka fi saurin buɗe aljihun ƙungiya. Kafin la'asar aka biya su. Tun ranar kullum ake sallamarsu da yamma, amma kuɗin buhu yana nan a 200, bel ɗin yana nan a buɗe.

Mata masu gumin shinkafa ma sun yi tasu. Su ne rabin cinikin injin nan in an bar kaka, kullum da buhu ɗaya, buhu biyu, amma ba a ɗauke su 'yan ƙungiya ba saboda ƙa'idarmu ta ce sai mai gona. Kuɗin bare suke biya, kuma in mai babbar mota ya zo sai a tura su baya. Wata rana suka haɗu su kusan ashirin, shugabarsu ta ce wa Shugaba, "Ranka ya daɗe, ko a ba mu ranarmu ko mu koma inda muka fito." Aka ba su safiyar Alhamis har azahar, ba mai shiga gabansu. Maganar zama 'yan ƙungiya har yanzu ana ta jan ƙafa, kuma ina ganin kunya ce a gare mu, domin ba don iya gumin matan nan ba, shinkafar da muke taƙama da ita ba za ta fito haka ba.

Saboda haka ga amsata ga abokai masu tambaya. Ku kawo shinkafarku. Awonsu gaskiya ne, casarsu tana da kyau, dusarku taku ce, kuma in kun iya haƙurin sayar da gyararriya maimakon shanshera za ku ga bambanci a aljihu. Ku zo da buhunanku na zubawa, nasu ba su da ƙwari. Ku tabbatar ta bushe, ku yi sammako, ku guji safiyar Alhamis. In yaran nan sun sauke muku kaya, ku tambaye su a gaban Ma'aji ko an biya su jiya. Ina roƙonku wannan da gaske, domin tambayar bare ta fi tawa shiga kunne, ni an saba da muryata.

Na rubuta buƙatu uku da zan gabatar a taronmu mai zuwa: a yi wa bel murfi a saya wa kowa takunkumi daga kuɗin buntu, a mayar da kuɗin dako 300, a buɗe rajista ga mata masu gumin shinkafa da 'yan dako ko ba su da gona, kowa da ƙuri'arsa ɗaya. Na san ta ukun za ta sha suka. Na ƙirga waɗanda suka yi mini alkawari, mutum goma sha ɗaya ne, ana bukatar ashirin da biyu.

Ranar Laraba da na koma ɗaukar buhu ukun da aka baza, yaron nan mai tari ya biyo ni har bakin hanya, ya ciro wata takarda a naɗe daga aljihunsa, bayan takardar awo ce. Yarinyar littafi ta rubuta musu sunayensu su shida, kowa ya dangwala yatsa da baƙin mai na inji a gefen nasa. Ya ce, "Baba, an ce ka na kai magana taro. Ka sa wagga a ciki, kada a ce kai kaɗai ka so." Na karɓa na sa a aljihun gaba. Taron ranar Asabar ne bayan la'asar, a rumfar sikeli, kuma na gaya musu su zo su zauna ko ba a kira su ba.